Tattasan Ba Modu da Masu Awon Hayaƙi

Tun da na dawo daga gabas ƴan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Laminu, da gaske hayaƙi kuka tafi aunawa?" Wancan ya ce, "A buhu kuka zubo shi ko a bidon irin na mai?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntun da ya ji ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai na tsallaka Najeriya da injin sata. To ga labarin daga tushe. Amma kada kowa ya sa rai zan fahimtar da shi aikin da muka je yi, don ni kaina har yau ban gama gane shi ba. Abin da na sani sarai shi ne akwai wani dattijo a bakin kogin Komadugu, Ba Modu, yana da gonar tattasai guda ɗaya tak, kuma zuwanmu ne ya jefa gonar nan cikin ƙishirwa.

Kun san aikina, katkat ɗin maigidana Alhaji nake ja, motar nan mai shiga rairayi wadda ƴan ofis ke ɗauka haya. Bayan ɗaukewar damina, lokacin zafin nan mai dafa mutum a cikin rigarsa, aka ce in ɗauki wata injiniya da ta zo daga Yamai in kai ta Diffa. Sunanta Madam Ramatu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, jakarta ɗaya da kwamfuta. Na duba bayan mota ko za a loda wasu kayan aiki, ba a loda komai ba.

Mun wuce Mirya na kasa haƙuri na ce, "Madam, mi za mu yi a can?"

Ta ce ƙasashen duniya sun zauna sun yarda cewa hayaƙin da mutane ke fitarwa shi ke ƙara zafi, shi ke rikita damina. Kowace ƙasa ta yi alkawarin abin da za ta rage, tamu ma ta yi nata. To ba a sanin ko an cika alkawari sai an san nawa ake fitarwa tun farko. Ita an ba ta injinan ban-ruwa na kwarin Komadugu, wasu an ba su itacen girki, wasu shanu.

Na ce, "Shanu kuma? Shanu taba suke sha?"

Ta ce gyatsarsu ce. Na dube ta ta madubi in ga ko wasa take yi, na ga fuskarta a ɗaure.

"To da mi ake awon? Da tiya, kamar hatsi?"

"Da ton."

"Hayaƙi yana da nauyi, Madam? Ni dai sama nake ganin yana yi."

Ta ce wanda ake nufi ma ba a ganinsa da ido. Nan na kama sitiyari da kyau. Abu ba a ganinsa, yana da nauyi, yana fitowa daga bakin saniya, kuma babu ma'auni a motar. Na ce a raina Allah Ya sa dai a biya Alhaji kuɗin motarsa.

Hanyar kun san ta, wani wuri kwalta, wani wuri tarihin kwalta. A wani shinge bayan Gure jandarma ya karɓi takardar tafiyarmu ya juya ta gaba da baya, ya tambayi aikin. Madam ta yi masa bayanin da ta yi mini. Ya saurara har ƙarshe, ya zagaya bayan mota ya tsaya yana kallon bututun hayaƙi, sannan ya dawo ya ce mini, "To kai kashe motar mana, ana magana kana ƙara wa Madam aiki." Na kashe. Da ya sallame mu motar ta ƙi tashi, sai da shi da abokin aikinsa suka tura mu. A Gudumariya na sayi dabino da cuku, Madam ta ce cukun ya yi mata tauri, na cinye nawa da nata.

Diffa gari ne da ya rikita mini lissafi tun daga bakin kasuwa. Ka tambayi farashi da sefa a ba ka amsa da naira, ka yi Hausa a mayar maka da Barbarci, kana cikin haka warin busasshen tattasai ya shige maka hanci ka yi ta atishawa a gaban mutane. Mu Damagarawa muna taƙama mun iya gaisuwa, to mu je can mu koyi aiki. Mutum zai riƙe hannunka yana "wushe, wushe," ya saki ya dafa ƙirji, ka ɗauka an gama, ya sake kamawa. An sauke mu a wani gidan baƙi na ma'aikata. Wuta ta ɗauke, mai gadi ya tada janareta a daidai tagar Madam don girmamawa, hayaƙin ya cika mata ɗaki, ta fito tana tari ta zauna a tsakar gida. Abincin kuwa ba laifi, burabusko da miyar kifi banda, na ci har na ji kunya.

Da safe wani ma'aikacin gandun daji ya same mu, Malam Buba, Bafulatanin Fulatari, shi zai yi mana jagora da tafinta. Ya ce ya riga ya buga wa Bulama, wato mai garin ƙauyen da za mu fara da shi, waya, ya gaya masa masu awon hayaƙin ƙasa suna tafe. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don na ci abincinsu. Tare da shi akwai wani dattijo siriri, gemunsa fari, riƙe da ƙaramar leda. Malam Buba ya ce, "Wannan bawana ne, Ba Modu, a ƙauyen yake zaune, mu rage masa hanya." Dattijon ya ce, "Ka ji Bafulatani, yaushe mai bin saniya ya yi bawa?" Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, haka suka yi ta yi har muka bar kwalta.

Ba Modu ya zauna kusa da ni. Abin da ke cikin ledar buji ne na injinsa na ban-ruwa, shi yana ce masa fulogi, don ya daɗe a ƙetare, Najeriya. Can ya yi noma shekara da shekaru, tashin hankali ya koro shi, ya zauna a sansanin ƴan gudun hijira yana karɓar taimako har ya gaji da miƙa hannu. Bulaman ƙauyen nan ne ya ara masa fili a bakin kogi, wani ɗan'uwa ya ba shi tsohon inji. Wannan ne tattasansa na farko tun dawowarsa. Ya ce, "Yanzu yana fure, Malam direba. Tattasai in yana fure kamar mai jego ne, ba ya son ƙishi. Ka yi masa fashin ruwa a zafin nan, furen ya zube, ka yi noman ganye." Yana maganar yana shafa ledar nan a kan gwiwarsa.

Muna dab da ƙauyen, a cikin rairayi mai zurfi, na ji ƙas a ƙarƙashin mota. Na sauka na leƙa, ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ya karye. Na buga wa Alhaji, ya yi faɗan da zai yi, ya ce za a nemo a Diffa, amma mota ba ta shiga ƙauyen sai ranar kasuwarsu, kuma kasuwar ba ta daɗe da ci ba. Samari suka fito suka tura mu har ƙofar Bulama.

Ba Modu ne ya fara lura. Ya tsaya ya karkata kai ya ce, "Ban ji inji ba." Ni ban gane ba sai da Malam Buba ya ce a wannan lokaci kwarin nan ba a jin kiran salla sosai saboda ƙarar injina. Muka kasa kunne. Akwai ƙara, amma daga nesa take zuwa, daga ƙetaren kogi, wajen Najeriya. A gefenmu ko ɗaya. Na ɗaga kai na dubi saman gidaje, lokacin ɗora tukunya ne, babu hayaƙi ko na tsinke.

Bulama ya tarbe mu da mutanensa, babban mutum mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarmi sababbi. Aka kawo gumba da nono da dabino. Na jira shayi. Na ƙara jira. Da na ga an fara kwashe kwanoni na raɗa wa Malam Buba, ya raɗa wa na kusa da shi, amsa ta dawo cewa a yi haƙuri, ba a hura wuta. Ashe tun da wayar Malam Buba ta iso Bulama ya tara gari ya yi doka: muddin masu awon hayaƙi suna nan, ba inji, ba murhu, ba gawayin shayi, ba bandar kifi. Har turaren wutan da matansu ke yi wa baƙo, wanda a wajensu rashinsa abin kunya ne, an hana. Uwargidan Bulama ta aiko a ba Madam haƙuri, wai ɗakin ba ƙamshi.

Madam ta ajiye cokali. Ta ce wa Malam Buba ya gaya wa Bulama cewa ita injinan take so ta gani suna aiki, ta tambayi kowa man da yake sha a yini, shi ke nan aikinta. Ba haraji, ba tara, ba ƙwace. Bulama ya saurara yana gyaɗa kai, ya amsa da Hausarsa mai ɗanɗanon Barbarci.

"Madam, ka yi gaskiya. Amma an taɓa zuwa an ƙirga inji a nan. Su ma sun ce ba komai. Bayan sun tafi aka hana mu mai, tattasai ya bushe a tsaye. Kuma mun ji a rediyo ƙasa ta yi alkawari gaban duniya. Ba daga garina za a ce Nijar ta yi ƙarya ba."

"Bulama, hayaƙinku duka bai kai na titi ɗaya a manyan ƙasashe ba. Don Allah ku kunna."

"To, Madam. In sha Allah."

Kun san irin wannan in sha Allah. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma mu ne tsumman. Iyakar yadda Madam ta matsa a kunna, iyakar yadda suka tabbata tarko ne, don a ganinsu ba wanda zai taso tun daga Yamai ya roƙi talaka ya yi hayaƙi sai da wata manufa. Malam Buba ya rantse musu, wani tsoho ya ce rantsuwar Bafulatani sai a kan saniya, aka yi dariya, magana ta mutu.

Ni aka sauke ni a gidan Ba Modu, rumfar zana da ɗaki guda. Washegari na bi shi gona. Fili ne mai ɗan tudu, ya gangara zuwa kogi, an yanka shi fangali-fangali, tattasan ya kai gwiwa, fure fari ƙanana ko'ina. Injin yana bakin ruwa an lulluɓe shi da buhu. Ya ɗaura sabon bujin, ya goge hannunsa, ya mayar da buhun. Kafin azahar ganyen ya fara sunkuyawa.

Na ce, "Baba, ba ni igiyar injin in ja. In an tambaya a ce ni ne, baƙo ne, bai san doka ba."

Ya riƙe mini hannu. "Kai za ka tafi, ni zan zauna. Ƙasar nan aro ce. Wanda ya ara maka ƙasa ya ce kada ka yi, ka yi, bana ka ci tattasai, baɗi ka ci me?"

Sai muka koma guga. Duk garin haka ake yi, masu ƴaƴa maza sun jera su daga kogi zuwa gona ana miƙa bokiti. Ba Modu daga shi sai matarsa, Ya Falmata, sai ni da ban saba ba. Ka ɗebo ruwa ka hau tudu ka zuba, kafin ka juya rairayin ya shanye kamar ba a yi ba. Madam ta zo ta tuɓe takalmi ta ɗauki bokiti, labari ya kai wa Bulama, ya aiko da sauri a karɓe, wai baƙuwar gwamnati ba ta ɗaukar ruwa a garinsa. Ta koma gindin bishiya ta zauna da kwamfutarta a rufe. Na ga ranta ya ɓaci ƙwarai, nawa ma haka.

Na kawo shawara a sa mu a amalanken shanu a kai mu bakin kwalta, in mun tafi a kunna. Madam ta ce ko da ƙafa za ta tafi. Bulama ya ce Allah Ya kiyaye a ce ya kori baƙo a kan amalanke. Kuma ko mun tafi motar tana nan, mota kuwa in tana nan gwamnati tana nan. Na ce motar Alhaji ce, wallahi ko tayar gwamnati babu a jikinta. Ya yi murmushi ya ce to. A nan na gane cewa a garin nan baƙo ba ya tafiya sai da mutunci, ko da mutuncin zai cinye masu gida. Mu a Damagaram da tuni wani ya yi maka habaici ka tattara kayanka.

Gumba safe, gumba rana, kaina yana sarawa don rashin shayi. Ana nan sai ga tuwo da zafinsa, da miya tana tururi, har da buta ta shayi. Na ci na sha tukuna, sannan na tambaya, don mai yunwa ba ya bincike. Ya Falmata ta nuna ƙetare da haɓa. Ashe mata sun gaji, sun je wa Bulama da tambaya: in an dafa a can fa? Rabin garin suna da dangi a ƙetaren, kogin ne kawai a tsakani. Bulama ya tara dattawa suka tattauna, suka yanke cewa hayaƙin da ya tashi a ƙasar Najeriya na Najeriya ne, su ji da alkawarinsu. Shi ne ake kai tsaba a kwalekwale, a dawo da tuwo.

Na dubi Ba Modu, ya dube ni. Ban san wanda ya fara faɗa ba.

Muka je wa Madam da tambayar, don kada a yi abin da zai ƙara rikici. Na ce, "Madam, in inji yana can, ruwan yana zuwa nan, hayaƙin na wa ne?" Ta tambayi inda aka sayi man, Ba Modu ya ce can, duk man kwarin nan daga can yake. Ta ce a ƙa'idar da aka koya mata, an saye shi can, an ƙone shi can, ba ya cikin lissafinmu. Na ce to ai iska daga can take busowa, hayaƙin kanmu zai dawo. Ta ce ta sani. Na ce to sama tana da iyaka ne? Ta ce, "Laminu, don Allah ku tafi ku ba tattasan nan ruwa." Bulama ma da aka kai masa maganar ya ce hukuncin tuwo shi ne hukuncin inji.

Haka na shiga Najeriya karo na farko a rayuwata, ba fasfo, ba takardar duwan ta shiga da kaya, ina rungume da injin ban-ruwa a cikin kwalekwalen da ke shan ruwa. Akwai wani wuri ƙasa da gonar inda kogin ya tsuke, nan muka nufa. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani na randa ne, ina ta salati mai tuƙi yana dariya. Da muka taka ƙasa na duba in ga abin da ya bambanta, ban ga komai ba, rairayi ɗaya, tattasai ɗaya, Barbarci ɗaya. Sai wani ƙanin Ya Falmata da ya zo taya mu ya ce mini "sannu oga," na ce to lalle an tsallaka. Mutanen can suka taru suna kallonmu, aka ba su labari, wani ya ce a gaya wa Madam in ta gama da na Nijar ta zo ta auna nasu, su ba su kashe wa kowa inji.

Wahalar tiyo ce, robar da za ta kai ruwan gona. Na Ba Modu bai kai rabin kogin ba. Muka bi gari muna aro, kowa ya bayar da daɗin rai tunda nasa a kwance yake, amma wani mai faɗi, wani siriri, wani ya tsage. Muka yanka tsohuwar robar taya muka ɗaɗɗaure mahaɗan, muka ja shi ta cikin ruwa, igiyar ruwa tana lanƙwasa shi kamar baka. Ba Modu ya yi bisimilla ya ja igiya, inji ya tashi. Daga can na hango Ya Falmata tsaye a bakin tiyon a gefen Nijar, ta daɗe ba ta motsa ba, sannan ta ɗaga hannu. Na ji daɗin da ban ji irinsa ba a tafiyar nan duka.

Da muka dawo na ga abin da ke fitowa, murnata ta ragu. Tsohon inji ne, hanyar ta yi masa nisa, kowace mahaɗa tana tsiyaya, rabin ruwan kogi yake komawa. Abin da ke isowa bai fi kaurin yatsa biyu ba. Ya ishi fangulan da ke ƙasa kusa da kogi, amma ya ƙi hawa tudun. Muka yi ta ɗaga tiyon, muka sake ɗauri, mahaɗa guda ta ɓalle a tsakiyar ruwa sai da aka yi nutso. Wasu manoman suka so su kwaikwaya, to tiyon garin duka yana jikin namu, sai aka koma ana karɓa-karɓa, Ba Modu kuwa ba ya iya hana wanda ya ara masa. Na saman gonar muka ci gaba da bi da bokiti. Da safe in mun je sai mu tarar da furen a ƙasa, fari-fari a gindin kowane tsiro. Sai ya tsuguna ya tattara a tafin hannu ya duba, ya zubar.

Ranar kasuwa ƙarfen ya iso. Ban taɓa ɗaura abu da sauri irin na ranar ba, ko sallar azahar sai da Malam Buba ya janyo ni daga ƙarƙashin mota. Bulama ya rako mu da jama'arsa, ya ba Madam tabarma da ƙullin turaren wuta, ya ce ta hura in ta isa gida tunda a nan ba a samu hali ba. Ya ce ta gaya wa manya abin da ta gani da idonta. Madam ta yi godiya. Ba Modu bai zo rakiya ba, yana ƙetare wajen injinsa, sai Ya Falmata ta miƙo mini busasshen kifi a leda.

Ba mu gama hawa tudun bayan gari ba na ji inji guda ya tashi a bayanmu. Sai wani. Sai kwarin duka ya ɗauka. Ta madubi na ga hayaƙin girki yana tashi daga gidaje. Madam ta ce in tsaya, na tsaya. Malam Buba ya ce ga abin da aka zo nema, mu koma mana ta yi tambayoyinta. Na ce in muka juya kan motar nan, kafin mu isa an kashe. Madam ta sauke gilashi ta saurara, ta daɗe, har na ɗauka ƙirga su take yi da kunne. Sannan ta ce mu tafi, kuma ta hana Malam Buba ya sake buga wa kowane Bulama waya. Sauran ƙauyukan haka muka yi ta faɗa musu ba sallama kamar ɓarayi, ta samu abin da ta samu.

A hanyar dawowa na tambaye ta mi za ta rubuta a kan garin su Ba Modu. Ta ce ba za ta rubuta komai ba, ba a auna ba. Za a ɗauki na ƙauyukan maƙwabta a ƙiyasta musu, kamar ba mu taɓa zuwa ba. Na ce to kashe injin da suka yi fa, bai rage wa ƙasa komai ba? Ta ce a takarda, ko kaɗan.

Kwanan baya ina wankin mota wayata ta yi ƙara, lambar Najeriya, don layin can ya fi kamawa a garinsu. Ba Modu ne. Muka yi gaisuwar nan tasu mai tsawo, ya tambayi Madam, ya tambayi mota. Na ce, "Baba, ina labarin tattasai?" Ya ce na ƙasa ya yi ƴaƴa, alhamdulillahi, za a samu na miya da ɗan abin kai wa kasuwa. Na saman kuwa, wanda shi ne mai yawan, ganye ne kawai, ya tuge ya ba awaki. Ya faɗe shi kamar yana ba ni labarin gonar wani.

Sannan ya ce, "Malam direba, Bulama ya ce in tambaye ka, kai da ke kusa da manya. Haƙurin nan da muka yi, ya isa? Ƙasarmu ta cika alkawarin?"

Na tsaya da soso a hannu. Na san amsar da Madam ta ba ni, na kuma san ba zan iya faɗa wa mutumin nan ita ba. Na ce, "An gode muku, Baba. An ce a gode muku ƙwarai."

Ya ce, "To madalla. Ba a banza furen ya zuba ba ke nan." Ya yi mini addu'a, ya ce in gaida iyali, ya kashe wayar.